Sankarar baki da maƙogwaro: bayan an fiɗe, yaya rayuwa take?

A wannan mako shafinku zai duba wata cuta da ba a cika zancenta a fada ba, wato sankarar baki, harshe da maƙogwaro. A ƙasashen da suka ci gaba ana fiɗarta da wata na'ura da ake kira robo, kuma labarin na'urar ya fara iso wa ƴan kasuwa da ma'aikatanmu masu zuwa neman magani waje. Kafin mutum ya saida fili ko ya ci bashi, ya kamata ya san abin da wannan aiki ke bari a jikin mai shi.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dar es Salam ta nan Yamai da sassafe, lokacin da ake sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir, ya san da murya ake ciniki. Da ita ake kiran mai saye, da ita ake tayi, da ita ake rantsuwa cewa an faɗi. Haka malamin lakwal a gaban yara, haka ma'aikacin da ke karɓar jama'a a biro. To, mu ɗauki misalin ɗan kasuwar da muryarsa ta dishe, ya ce sanyin hunturu ne, ya sha zuma da citta, wata ya wuce, wata biyu suka wuce. Daga baya haɗiyar tuwo ta fara yi masa wuya, wani ƙullutu ya fito a gefen wuyansa. Ranar da likita ya ce masa sankara ce, tambayar farko da zai yi ita ce ko zai rayu. Tambaya ta biyu, wadda mutane ke mance yi sai an gama aiki, ita ce: idan na rayu, zan iya magana, in ci, in sha, in koma rumfata?

Cutar da masominta

Likitoci na tara sankarar leɓe, harshe, dasashi, ganda, maƙoshi, bayan hanci da akwatin murya ƙarƙashin suna guda, sankarar kai da wuya. A duniya baki ɗaya tana kama mutum kusan 900.000 kowace shekara. A Nijar, ƙididdigar cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 sababbin masu sankara iri-iri sun kusa 10.000, kuma a wajen mata ta nono da ta bakin mahaifa ne a gaba. Tun 1992 akwai rajistar masu sankara a sashen koyon aikin likita na jami'ar Yamai, inda ake rubuta waɗanda aka gano. Wanda ya rasu a ƙauye ba tare da an auna shi ba, babu sunansa a ciki.

Manyan masomin cutar guda biyu ne, taba da barasa, kuma idan sun haɗu a jikin mutum guda haɗarin na ninkawa. Tabar ba sigari kaɗai ba ce. Garin taba da ake haɗawa da kanwa a dunƙule a kumatu ko ƙarƙashin leɓe, da wadda ake shaƙa a hanci, da shisha da samari suka runguma, duk suna cikin lissafi. Ƙasarmu na da dokar yaƙi da taba tun watan Mayu na 2006, amma kowa na ganin yadda ake saida kara ɗaya ɗaya a bakin titi. Akwai kuma ƙwayoyin cuta guda biyu. Ɗaya ita ce HPV, wadda ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kuma tana iya kama gindin harshe da ƙulalan nan biyu na gefen maƙoshi da likitoci ke kira amidal. A Amurka kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar wannan wuri daga gare ta ne. A Afirka ta kudu da Sahara kasonta ya yi ƙasa da haka nesa. Ta biyu ita ce ƙwayar Epstein-Barr, mai alaƙa da sankarar bayan hanci.

Daga tsaga muƙamuƙi zuwa shiga ta baki

Domin a gane abin da robo ya kawo, sai an san yadda ake yi kafinsa. Gindin harshe wuri ne mai zurfi, a bayan lanƙwasa, inda hannun likita ba ya kai, ido kuma ba ya gani. A tsohon aiki sai a tsaga leɓen ƙasa, a raba ƙashin muƙamuƙi biyu, a buɗe shi kamar ƙyaure, a cire tsiron, sannan a ɗebo fata da nama daga hannu ko ƙirji a cike gurbin. Ana huda wuya a sa ƙaramin tiyo na numfashi, a sa wani na abinci, mai ciwo ya yi makonni a kwance. Da yawa sun warke daga sankarar amma ba su sake haɗiya yadda ya kamata ba. Wannan ya sa daga shekarun 1990 likitoci suka karkata zuwa gashin haske, wato radiyoterafi, tare da maganin shimiyo da ake ƙarawa ta jijiya.

Na'urar da aka fi sani ita ce da Vinci, ta kamfanin Intuitive Surgical na Kaliforniya, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a shekarar 2000 domin ayyukan ciki. Wajen 2005 likitoci biyu na jami'ar Pensilbaniya da ke birnin Filadelfiya, Gregory Weinstein da Bert O'Malley, suka gwada shigar da hannuwanta ta baki. A watan Disamba na 2009 hukumar ta ba da izinin yin haka ga tsiron da bai yi girma ba.

A nan akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Robo ba ya fiɗa da kansa. Likita ne ke zaune a wani teburi cikin ɗakin, idonsa cikin madubin da ke ƙara girman wurin kamar sau 10, yatsunsa na juya maɗaukai. Na'urar na kwaikwayon motsinsa da ƴan siraran hannuwa da ba su kai kaurin ƙaramin yatsa ba, tana kuma kawar da rawar hannu. Hannu guda na riƙe da kamara, biyu na kamawa da yanka, wani likita kuma na zaune a kan mai ciwo yana zuƙe jini da hayaƙi. Saboda haka gwanintar mai tuƙi ita ce komai, kamar dai mota.

Amfanin a fili yake: ba a tsaga fuska, ba a karya ƙashi, kwanciyar asibiti ta koma ƴan kwanaki, kuma mafi yawa na fara shan abu mai ruwa cikin mako na farko ko na biyu. Amma kaluluwar wuya, inda cutar ke fara yaɗuwa, har yanzu da wuƙa ake cire ta ta waje, kuma tabon na nan. Idan aka taɓa jijiyar da ke ɗaga kafaɗa, mutum zai daɗe yana jin nauyin hannu. Babban haɗarin kuwa shi ne ɓallewar jini daga ramin da aka bari a maƙoshi, galibi cikin makonni biyu na farko. Ba kowa yake samu ba, amma yana iya kisa cikin ɗan lokaci. Wanda ya je waje aka yi masa aikin, kada ya yi gaggawar hawa jirgi don tsoron kuɗin masauki.

Abin da bincike ya nuna

Shekaru da dama ana ɗauka cewa tun da robo bai ɓata fuska ba, lalle ya fi gashi barin mutum da haɗiya mai kyau. Likitocin Kanada, ƙarƙashin Anthony Nichols da David Palma na birnin Landan ta jihar Ontariyo, suka ce a auna a gani. Binciken nasu, mai suna ORATOR, ya ɗauki mutum 68 a asibitocin Kanada da Ostareliya, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka yi musu gashi, rabi aka yi musu aikin robo. Ma'aunin shi ne wata takardar tambayoyi 20 da asibitin MD Anderson na birnin Hustan ya tsara, inda mai ciwo da kansa ke faɗin yadda yake ci, ko yana jin kunyar ci cikin mutane, ko yana ƙin fita saboda haka. Makin ƙoli 100 ne.

Sakamakon ya fito a 2019. Bayan shekara guda, waɗanda aka gasa sun samu kusan 87, waɗanda aka fiɗe sun samu 80. Wato gashi ne ya ɗan yi gaba, ko da yake tazarar ba ta kai maki 10 da masu binciken suka ajiye a matsayin bambancin da mutum zai ji a jikinsa ba. Kowace hanya da irin wahalarta. Masu gashi da shimiyo sun fi fama da ƙarar kunne, raguwar ji da raunin jini. Masu robo sun fi fama da ciwo da ƙagewar muƙamuƙi, har buɗe baki ya yi wuya. Mutum guda ya rasu sanadin zubar jini bayan fiɗa. Da aka ci gaba da bibiyarsu, rahoton 2022 ya nuna tazarar na raguwa da shekaru. Bincike na biyu, ORATOR2, an tsayar da ɗaukar mutane cikinsa kafin lokaci saboda rasuwar mutum biyu a ɓangaren fiɗa.

Masu goyon bayan robo su ma suna da hujja. Wani babban bincike na Amurka, ECOG 3311, ya nuna cewa ga masu sankarar HPV da aka fiɗe da kyau, ana iya rage ƙarfin gashin da ke biyo baya daga awo 60 zuwa 50, kuma bayan shekara 2 kusan 95 cikin 100 na nan ba tare da cutar ta dawo ba. Wasu ƙalilan ma ba su buƙaci gashi ko kaɗan ba, kuma su ne suka fi kowa jin daɗin haɗiya. Abin lura ga mai karatu shi ne, da yawa daga waɗanda aka yi wa robo sai an ƙara musu gashi, wani lokaci har da shimiyo. Wanda ya sha duka ukun shi ya fi wahala, ya kuma fi kashe kuɗi.

A gida Nijar

Kuɗin na'urar da Vinci guda na kai wajen dalar Amurka miliyon 2, wato sama da miliyar guda na sefa, ban da kuɗin gyara na shekara da kayan aikin da ake zubarwa bayan ƴan fiɗa kaɗan. A Afirka, wata asibitin Piretoriya ta Afirka ta Kudu ta fara aiki da ita a 2013, kuma galibi kan ciwon mafitsara na maza. Sannan aikin ta baki na ƙaramin tsiro ne, wanda bai kama ƙashi ko manyan jijiyoyin jini ba. Mafi yawan masu ciwonmu kuwa ba sa isa gaban likitan kunne, hanci da maƙogwaro sai tsiron ya cika wuya, numfashi ya fara gagara. A wannan mataki ko a Paris mutum yake, ba za a yi masa maganar robo ba.

Dalilan jinkirin kowa ya san su. Ciwon maƙoshi a wurinmu na wanzami ne da fari: a cire beli, a yi tsaga, a yi sakiya a ƙullutun wuya. Daga nan sai mai magani na kan tebur, sai allurai a ƙaramar likita, sai zargin sammu. Ga nisa ga wanda ke Gure ko Ngigimi, ga kuɗin awo. Tun 2007 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin maganin sankarar nono da ta mahaifa a bisa doka, amma sankarar baki da maƙogwaro ba ta cikin wannan sassauci.

Duk da haka an samu ci gaba. Babbar asibitin ƙasa ta Yamai na da sashen kunne, hanci da maƙogwaro; babbar asibitin da ƙasar Sin ta gina ta buɗe a 2016. Abu mafi muhimmanci shi ne, a 2021 cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara ta buɗe sashen gashi na farko a tarihin Nijar, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya da Bankin Musulunci na raya ƙasashe. Kafin nan duk mai buƙatar gashi sai ya fita waje, in yana da hali ko in gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Idan muka tuna abin da binciken Kanada ya nuna, za mu gane cewa na'urar gashi mai aiki kullum ba tare da tsayawa ba ta fi yi wa talakan Nijar amfani bisa robo. Gashin wuya na ɗaukar kamar mako 7, kwana 5 a kowane mako, kuma kowace ranar da aka tsallake tana ba cutar damar farfaɗowa.

Ci, sha da magana

Ko da wace hanya aka bi, sabuwar rayuwa na farawa ne ranar da aka sallami mutum. Gashi na ƙona ƙulalan da ke yin yawu, baki ya bushe, wani lokaci har abada. A garin da zafin watan Afrilu ke haura awo 40, wannan jarrabawa ce babba: gorar ruwa ba ta rabuwa da hannu, dare kuma sai an tashi an jiƙa baki. Ɗanɗano na gushewa na watanni, yaji ya zama wuta. Kilishi, tsire, dambu da ƙosai busasshe sai a haƙura da su tukuna. Abin da ke wucewa shi ne kunu, koko, fura da aka dama da nono sosai, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko ta kuka, ƙwai, da romon nama da aka tace. A riƙa ci kaɗan kaɗan sau da yawa, a zaune tsaye, a kuma riƙa hawa sikeli kowane mako, domin rama ita ce ke kayar da mai jinya. Idan mutum na ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya sha ruwa, alama ce abinci na zamewa zuwa huhu. A koma wurin likita kafin zazzaɓi ya zo. Batun azumi kuwa, a tambayi likita a kuma tambayi malami, kada a yi ƙarfin hali.

Haƙora ma na da nasu. Bakin da ba yawu, haƙoransa na ruɓewa da sauri, kuma cire haƙori daga ƙashin da aka gasa na iya barin gyambon da ba ya warkewa. Saboda haka ake son likitan haƙori ya duba baki tun kafin a fara gashi. Motsa muƙamuƙi da harshe kullum, da ci gaba da haɗiya ko da tiyon abinci na hanci, su ke hana naman wurin ƙagewa.

Mafi nauyi shi ne halin wanda aka cire wa akwatin murya gaba ɗaya, aikin da Theodor Billroth ya fara yi a birnin Biyana ranar 31 ga Disamba 1873, kuma har yau shi ke ceton masu babban tsiro. Wannan mutum ta rami a gindin wuya zai riƙa numfashi har ƙarshen rayuwarsa. Iska ba ta bi ta hanci, don haka jin ƙamshi na raguwa, ƙurar hunturu kuma na shiga huhu kai tsaye in ba a rufe ramin da ƙyalle mai tsabta da ɗan danshi ba. Wanka sai da hattara, iyo a kogin Isa ya ƙare, hawa kwalekwale ma haɗari ne. Amma magana ba ta ƙare ba. Akwai hanya uku: koyon haɗiye iska a fito da ita da sauti, ko ƙaramar na'ura mai batir da ake dannawa a wuya, ko ɗan bututun da Eric Blom da Mark Singer suka fito da shi a Amurka wajen 1980, wanda ake dasawa tsakanin hanyar iska da ta abinci. Bututun na ba da murya mafi kyau, sai dai yana son canji bayan ƴan watanni, abin da ya kamata mai dawowa daga waje ya yi tanadinsa. Hanya ta farko ba ta cin ko dala, amma tana son malami mai koyar da magana da haɗiya, kuma irin waɗannan ma'aikata sun yi mana ƙaranci ƙwarai.

Kunya da zaman jama'a

Akwai ciwon da awo ba ya nunawa. A al'adarmu akushi guda ake sa wa hannu. Wanda abinci ke zubo masa, ko yake tari a kan ƙwarya, ko wuyansa ke fitar da majina, sai ya fara ci shi kaɗai a ɗaki, ya daina zuwa fada, ya daina zuwa suna da ɗaurin aure. Wasu dangi na ware masa kofi don tsoron ɗauka, alhali sankara ba ta yaɗuwa ta kwano ko ta gaisuwa. Likitocin duniya sun tabbatar cewa baƙin ciki mai tsanani ya fi yawa ga masu sankarar kai da wuya bisa mafi yawan sauran masu sankara. Ƙasarmu ta san irin wannan rauni ta wajen yaran da cutar noma ta ci wa fuska, waɗanda ƙungiyar Sentinelles ke kula da su a Damagaram tun 1992. Darasin da aka koya a can shi ne ɗinki rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne motsa baki kullum, da abinci, da mayar da yaro cikin ƴan uwansa.

Ga ɗan kasuwa, yaron shago amintacce da wayar salula mai rubutu na iya riƙe ciniki har murya ta dawo. Ga ma'aikaci, ya binciki haƙƙinsa na hutun doguwar jinya tun da wuri, malamin lakwal kuma ya nemi a mayar da shi aikin biro maimakon a ajiye shi.

Tambayoyi kafin a biya

Wanda aka ba shawarar fita Tunusiya, Maroko, Turkiyya, Indiya ko Faransa, ya tafi da sakamakon awon tsokar da aka ɗiba da hotunan sikana, ya kuma yi wa likita waɗannan tambayoyi. Tsiron nawa ya dace da aiki ta baki? Aiki irin wannan nawa ka yi da hannunka? Bayan fiɗa zan buƙaci gashi, kuma kuɗinsa na cikin lissafin? In haka ne, me zai hana a yi mini gashin kaɗai? Kwana nawa zan zauna kusa da asibiti saboda jini? Wa zai riƙa duba ni a Yamai, tun da shekara 2 na farko su ne cutar ta fi dawowa, kuma bibiya na kai shekara 5? Likitan kirki ba ya fushi da tambaya.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dishewar murya da ta wuce mako 3, gyambon baki ko na harshe da ya ƙi warkewa, ƙullutu a wuya marar zafi, ciwon kunne guda tare da wuyar haɗiya, toshewar hanci guda mai fitar da jini: duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, musamman mai shan taba, ya nufi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya bar wanzami. Sankarar igiyar murya da aka kama tun tana ƙarama, kusan 9 cikin 10 na warkewa, kuma da muryarsu. Ga hukumomi kuma, kiranmu shi ne a kula da na'urar gashin da muke da ita, a horar da masu koyar da magana da haɗiya, a duba yiwuwar sassauta kuɗin awo, a kuma aiwatar da dokar taba ta 2006.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya, amin.